Ben Enwonwu: Wa Ke Riƙe Da Amanar Ayyukansa?

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2018, kamfanin gwanjo na Bonhams da ke birnin Landan ya sayar da wani zane mai suna Tutu a kan kuɗi fam miliyan 1 da dubu 200 da ɗoriya. Zanen aikin marigayi Ben Enwonwu ne, ɗan Nijeriya, kuma an same shi ne a wani gida a Landan bayan an daɗe ana cigiyarsa. A 2019 aka sake sayar da wani zanen nasa, Christine, fiye da fam miliyan 1 a wannan birni. Cinikin nan ya ta da wata magana wadda ta shafi hukuma kai tsaye, watau wane ne ke kula da ayyukan da wannan gwani ya yi wa jama'ar ƙasar nan da kuɗin gwamnati?

An haifi Enwonwu a Anacha a 1917. Mahaifinsa masassaƙi ne, saboda haka sana'ar gado ce a wurinsa. Ya yi karatu a hannun Kenneth Murray, Baturen da ya kafa gidan kayan tarihi na Ikko, sa'an nan a 1944 ya tafi Ingila inda ya ƙaro ilmi a makarantar zane ta Slade. Da ya komo a 1948 sai gwamnati ta ɗauke shi aikin ba ta shawara a kan harkokin zane da sassaƙa. A 1971 Jami'ar Ife ta naɗa shi farfesa, a 1980 ya sami lambar yabo ta ƙasa saboda hazaƙa, ya kuma rasu a Ikko a 1994.

Abin lura a nan shi ne, Enwonwu ma'aikacin gwamnati ne, kuma da hannunsa ƙasar nan ta riƙa gabatar da kanta ga duniya. Sarauniyar Ingila ta zauna masa a 1957 ya ƙera siffarta da tagulla, aka kafa a Majalisar Wakilai ta Ikko gab da samun mulkin kai. Aikinsa mai suna Anyanwu, watau idon rana da harshen Ibo, yana jikin gidan kayan tarihi na Ikko, kuma irinsa Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyauta a 1966. A 1964 ya ƙera Shango, abin bautar tsawa na Yarabawa, don hedkwatar hukumar wutar lantarki da ke Marina, a 1978 kuma ya yi Makaɗi don hedkwatar hukumar tarho. Hatta Tutu ɗin ma, da yake Ibo ne ya zana gimbiyar Yarabawa 'yan shekaru bayan yaƙin basasa, mutane da yawa sun ɗauke shi alamar sulhu.

To, amma hukumomin da aka yi wa waɗannan ayyuka sun sauya. Gwamnatin Tarayya ta tashi daga Ikko zuwa Abuja a 1991. An rushe NEPA a 2005, aka danƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa a 2013, haka nan aka sayar da kadarorin NITEL. Idan gini ya sauya hannu, tilas a tantance ko aikin fasahar da ke ƙofarsa ya bi ginin ne, ko kuwa yana nan a matsayin dukiyar jama'a. Muddin ba a rubuta wannan a takarda ba, tagullar da aka san darajarta a kasuwar Landan tana cikin haɗarin lalacewa ko salwanta. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Akwai masu ganin cewa ƙasar da ke fama da ƙarancin asibitoci da makarantu ba ta da rarar kuɗin da za ta kashe a kan tagulla. Maganarsu tana da nauyi. Sai dai abin da ake bukata da farko bai kai kuɗin gina aji guda ba, domin rajista ce kawai: sunan aikin, wanda ya yi shi, inda yake, da ofishin da zai amsa tambaya idan ya ɓata.

Hukumar kula da gidajen tarihi da aka kafa a 1979 tana da ikon neman a ayyana abu a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Ya kamata ta yi amfani da ikon nan a kan ayyukan Enwonwu da ke tsaye a bainar jama'a. Bugu da ƙari, ɗaliban zane na Zariya da Nsukka da Yaba za su iya yin wannan ƙidaya a lokacin hutu, su auna, su ɗauki hoto, su miƙa rahoto. Kowane babban sakatare kuma ya umarci ma'ajin ma'aikatarsa ya shigar da irin waɗannan ayyuka cikin littafin kadarori, kamar yadda ake shigar da motoci da kujeru.