Ina Zafin Rana Ke Zuwa In An Sare Daji?

A watan Nuwamba na 2024 aka yi sulhu a Birnin Gwari, har Gwamna Uba Sani ya buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekaru a rufe. Daga nan manoma da dama suka soma komawa gonakin da tashin hankali ya raba su da su. Gonakin nan sun zama saura, ciyawa ta rufe su, kututture sun yi toho. Komawar abin murna ce. Amma mutumin da ya daɗe bai yi noma ba, ga bashi, ga iyali, abin da zai fara ɗauka shi ne gatari da ashana. To, kafin ya kyasta ashanar nan, ya kamata ya san abin da rana za ta yi wa gonar in ya bar ta tsirara.

Da tsakar rana, in babu hadari ko hazo, kowane murabba'in mita na gona yana samun zafi wajen wat 1,000, watau kamar a ce an ajiye dutsen guga na lantarki a kansa. Wannan rabo ba ya canzawa, ko gonar mai kuɗi ce ko ta talaka. Abin da ke canzawa shi ne inda zafin yake zuwa bayan ya sauka, hanyoyinsa kuwa huɗu ne. Wani yakan koma sama nan take. Wani yakan shiga cikin ƙasa ya gasa ta. Wani yakan ɗumama iskar da ke kan gonar. Wani kuma yakan ƙare wajen mai da ruwa tururi. Abin da shuka ke riƙewa ta yi kara da hatsi da shi ɗan kaɗan ne, bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba.

Hanya ta fari kowa ya san ta, don mai baƙar riga ya fi mai farar riga shan zafi a kasuwa. A ƙasashen sanyi, irin su Rasha da Kanada, sabuwar dusar ƙanƙara takan mai da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana sama, shi ya sa rana ke fitowa tarwai amma ƙasa tana nan da sanyinta. Busasshen rairayi yakan mai da kashi 30 zuwa 40. Gonar da ta yi kore, wajen kashi 20 zuwa 25. Daji mai duhu, kashi 10 zuwa 15 kaɗai. Gonar da aka ƙone ta yi baƙi ƙirin kuwa, abin da take mayarwa bai cika kai kashi 10 ba.

Nan mai karatu zai ce, ashe daji ya fi fili shan zafin rana, to me ya sa cikin dajin Kamuku ya fi bakin kasuwa sanyi? Amsar tana cikin randa. Ruwan randa yana sanyi ne don jikinta yana tsattsafo, iska tana busar da shi, ruwan da ya tashi kuwa da zafi yake tafiya. Zafin da lita ɗaya ke ci kafin ta zama tururi ya fi ninki biyar na wanda ake bukata a kai ta ga tafasa. Itace ma haka yake yi. Saiwarsa tana jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ganyensa yana fitar da shi ta waɗansu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ekar masara ɗaya da ta rufe ƙasa takan fitar da ruwa duro 80 zuwa 100 a yini guda mai rana. Watau daji da gona mai ganye suna kashe yawancin zafinsu a kan ruwa. Fili tsirara ba shi da ruwan da zai bayar, sai zafin ya koma kan ƙasa da iska.

Gani ya kori ji. Cikin watan Maris ko Afrilu, manomi ya taka ƙasar da aka ƙone da azahar ba takalmi, sa'an nan ya taka gindin ɗorawa inda ganye ya zuba. Fuskar ƙasa tsirara takan wuce digiri 50 a wannan lokaci. Zafi irin wannan yana cinye ruɓaɓɓen ganyen da ke riƙe laima, yana korar tana da sauran ƙwarin da ke huda ƙasa. In ruwan fari ya sauka, sai ya daki ƙasa ya daddaɓe ta, ya kwashe toka da taki ya yi kwari da su. In kuma ruwa ya ɗauke kwana goma bayan shuka, tsiron masara a irin wannan gona shi ke fara yaushi. A shekarun 1970 masanin ƙasa Rattan Lal ya gwada wannan a Ibadan, ya ga gonar da aka rufe da ciyawa ta fi sanyi, ta fi laima, ta kuma fi ba da masara.

Manomi yana da nasa hanzari, kuma ba na banza ba ne. Zai ce wuta tana korar macizai, toka taki ce, inuwa tana hana masara girma, buhun gawayi kuma kuɗi ne a hannu yau. Wanda ya sha gudu zai ƙara da cewa ba ya son duhuwa kusa da gida. Lalle toka tana da ɗan amfani, amma sinadarin da ake sayen takin Yuriya dominsa hayaƙi ne ke tafiya da shi. Inuwa kuwa maganinta sassabe rassa, ba tuge itace ba. Manoman Maraɗi sun nuna haka. Tun daga 1983 suka soma abin da suke kira sassabin zamani, watau a zaɓi toho ɗaya ko biyu a kan kututture a bar su, a datse sauran. Ta haka itatuwa suka dawo a fili wajen hekta miliyan 5 a Nijar, a ƙasar da ruwanta bai kai rabin na Birnin Gwari ba.

Kada kuma a ɗora wa itace abin da ba nasa ba. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya ce tsiraita ƙasa ne ya jawo farin da aka yi a Sahel. Binciken baya ya nuna zafin ruwan teku ya fi hannu a ciki. Damina daga teku take zuwa, manomi ba shi da iko a kanta. Amma ruwan da ya riga ya sauka a gonarsa, ko ya zauna ko ya gudu, wannan yana hannunsa.

Saboda haka mai komawa gona ya bar kaɗanya da ɗorawa da kirya jefi-jefi, ya rage musu rassa. Ciyawar da ya sassabe da ragowar kara ya shimfiɗa su tsakanin kunya. In ƙuna ta zama dole, a yi ta da kaka, ciyawa da sauran ɗanyenta, kada a bari sai bazara. Ya haɗa masara da wake ko gyaɗa don ganye ya rufe ƙasa da wuri. Fatake masu sayen gawayi su ma su tuna, hatsin da za su saya baɗi daga wannan ƙasa zai fito.

Tun 1936 Hukumar En'e ta keɓe dajin Kamuku, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, faɗinsa wajen murabba'in kilomita 1,120. Doka da maje da maɗacin da ke cikinsa ba su suka yi ta'adi ba, mutane ne. Dagatai da masu unguwanni su taimaka kada a rama a kan itace. Allah ya ba da zaman lafiya da damina mai albarka, amin.