Mas'alar Ɗan Wabi

Ya ku malamai da almajirai, ina nufin in yi magana a kan ɗan wabi, domin zancensa bai ƙare ba a gidajen birnin nan na Kano. Mace ta haifi ɗa ya mutu, ta sake haihuwa ya mutu, sai tsofaffi su ce ɗaya ne ya ke tafiya yana komowa. A sa wa na bayansu suna Ajuji ko Ajefas, wai a nuna ba a damu da shi ba ko ya zauna. A kai uwar wurin boka da 'yan bori. Wata ma har igiyar aurenta ta tsinke.

Ku sani wannan ita ce aƙidar da magabata suka kira tanasuhi, watau rai ya bar jiki ya shiga wani. Ibn Hazmi ya rushe ta cikin littafinsa al-Fisal, kuma ayar barzahu cikin Suratul Mu'minun ta ishe mu. Amma ni na ga karanta wa uwa aya ba ya amsa tambayarta. Tana cewa: don me 'ya'yana su ke mutuwa iri ɗaya?

Yarabawa suna kiran irin wannan ɗa abiku, Ibo suna cewa ogbanje. Wani likita mutumin Amurka, Ian Stevenson na Jami'ar Virginia, wanda ya mutu a 2007, ya ƙarar da ransa yana tara labarun yaran da a ke cewa sun taɓa rayuwa. Ya tara fiye da 2,000, har ƙasar Ibo ya zo. Na yaba masa da ya rubuta suna da gari da shaidu, abin da boka ba ya yi. Sai dai ku auna hujjarsa da ma'aunin da mu ke auna ruwaya. Mai ba da labarin dangin yaro ne, waɗanda sun gaskata abin tun ba a tambaye su ba, kuma yaro ya tashi yana jin hirarsu. Wane alƙali ne zai yanke hukunci da wannan shaida? Shi da kansa bai ce ya tabbatar ba, alama kaɗai ya ce ya gani.

Akwai binciken da ya fi wannan ƙarfi, domin jini aka duba. Wata malama, Esther Nzewi, ta tara yara 100 da danginsu suka ce ogbanje ne, aka auna jininsu, aka sami 70 suna da amosanin jini, wanda a ke kira sikila. An buga wannan a 2001. Tun kafin nan, a Garki, sa'ad da ta ke ƙasar Kano, likitocin da suka yi aikin zazzaɓi daga 1969 zuwa 1976 sun tarar jarirai wajen 2 cikin 100 ana haifarsu da cutar, amma cikin manya da ƙyar a ke samun mai ita. Ina sauran? Suna kabari.

Ga yadda abin ya ke. Idan uba da uwa kowannensu yana ɗauke da ƙwayar cutar a ɓoye, alhali suna lafiya, to kowane ciki yana da kashi 1 cikin 4 na fitowa da ita, kuma cikin bara ba ya kare na bana. Jariri ya yi 'yan watanni, hannu da ƙafa su kumbura, ido ya yi rawaya, ya kwana yana kuka. Ƙanensa ya zo ya yi haka nan, ga kuma kamar fuska, tun da uwa ɗaya uba ɗaya. Ashe uwar ba ƙarya ta yi ba da ta ce ta taɓa ganin wannan. Ta gani, fassarar da aka ba ta ce ɓatacciya. Kuma rabin gadon daga miji ya ke, shi da ya ke sakinta.

A 2024 gwamnatin Kano ta kafa dokar auna jinin masu neman aure. Mu ne mu ke ɗaura auren nan a ƙofofin gidaje da masallatai, saboda haka limami ya nemi takardar kafin ya buɗe baki. Wadda kuwa ta riga ta binne biyu, a kai na hannunta Asibitin Murtala a auna shi tun bai fara kumburi ba, kuɗin bokan ya tafi ga magani da gidan sauro.