Sharhi: Wa Ya Kamata Ya Auna Haɗarin Tashar Nukiliya?

A duk lokacin da za a gina tashar makamashin nukiliya, masana sukan gabatar da lissafi mai nuna cewa da ƙyar ne babban haɗari zai auku. To amma abin da ya faru a tashar Fukushima ta ƙasar Japan ranar 11 ga watan Maris na 2011 ya nuna cewa lissafi kaɗai ba ya tare ruwa.

An shirya tashar ne domin jure wa igiyar teku mai tsawon mita 5.7. Igiyar da ta biyo bayan girgizar ƙasar wannan rana kuwa ta kai kimanin mita 14. Ruwa ya mamaye janaretocin da ke ba na'urorin sanyaya wuta, tukwanen nukiliya uku suka narke, aka kwashe mutane sama da 150,000 daga gidajensu.

Ba rashin sani ne ya jawo haka ba. Tun a 2008 wani bincike da kamfanin TEPCO, mai tashar, ya gudanar ya gano cewa igiyar na iya kai wa mita 15.7. Masana kuma sun sha tuni da makamanciyarta da ta afka wa wannan gaɓa a shekara ta 869. Amma aka jingine maganar. Tashar Onagawa, wadda ta fi kusa da cibiyar girgizar, ta tsira saboda an gina ta a kan tudu mai tsawon mita 14.8.

Hukumar da ke sa ido a wancan lokaci tana ƙarƙashin ma'aikatar da ke tallata makamashin nukiliya ne. Shi ya sa a 2012 kwamitin binciken majalisar dokokin Japan ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne. Ai ba a bai wa kura ajiyar nama.

Wannan darasi ya shafi Afirka. Masar ta fara gina tashar El Dabaa a 2022, Ghana ma ta bayyana aniyarta ta gina nata. Ko shakka babu nahiyar tana buƙatar wutar lantarki. Sai dai wajibi ne kafin a aza harsashi a kafa hukuma mai cin gashin kanta, wadda za ta bayyana wa jama'a sakamakon bincikenta, take kuma da ikon rufe tasha ko da gwamnati ba ta so. Wanda zai biya kuɗin ɗaga katanga bai kamata ya zama shi ne mai yanke tsawonta ba.