Waiwaye: Wa Ke Riƙe da Kyamara a Fadamar Rima?

A shekarar 1955, da Walt Disney ya buɗe filin shaƙatawa na Disneyland a jihar Kaliforniya ta Amurka, cikin abubuwan da ya tanadar wa baƙi har da wani zauren kallo mai siffar da'ira. Ba kujera a ciki. Mutum zai tsaya a tsakiya, alluna 11 sun kewaye shi, kowanne da na'urar da ke haska masa hoto. Kyamarori 11 aka ɗaure a kan mota aka ratsa yammacin Amurka da su, don haka in ka dubi gaba ka ga inda aka dosa, in ka waiga ka ga hanyar da aka baro. Fim ɗin ba jarumi, ba labarin soyayya. Ƙasa ce kawai ake nunawa: duwatsu, kwazazzabai da birane. Kamfanin motoci na American Motors ne ya ɗauki nauyinsa, kuma ba don Allah ya yi ba, so yake mai kallo ya fito yana sha'awar mota da doguwar hanya.

Bayan shekara uku aka kai wani fim irinsa, America the Beautiful, babban baje-kolin duniya na Brussels a 1958, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyat ke gasar nuna wa duniya wace ta fi. Daga baya aka rage allunan zuwa 9. Da aka buɗe filin Epcot na kamfanin Disney a Florida ranar 1 ga Oktoba 1982, sai aka yi wa Kanada da Sin nasu na da'ira, Faransa kuma aka yi mata mai alluna 5 wanda ake kallo a zaune. Wannan na Faransa ya daɗe ana haska shi kullum a zaure ɗaya har ya shiga kundin Guinness a 2017. Sauran biyun kuwa zamani ya riske su. An sake na Sin a 2003, don Shanghai ɗin da ke cikinsa ba ita ce ke ƙasa ba. Mutanen Kanada sun yi ta ƙorafin cewa ana nuna su da tsohuwar fuska, har aka gyara nasu a 2007, aka sake sabo a 2020. Ƙasashen nan sun ɗauki 'yan mintocin da baƙo zai yi yana kallonsu da muhimmanci, domin sun san da yawa daga masu kallon iyakar sanin da za su yi musu ke nan.

Mu ma ba baƙin wannan harka ba ne, sai dai namu zauren kan mota yake zuwa. Dattawa na tuna majigi. A 1939 Turawan mulki suka kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen da suke mulka, ƙarƙashin William Sellers, wanda ya fara aikin tun yana jami'in tsafta a Legas. Motar kan iso da la'asar, a kafa farin allo a ƙofar fada, a ta da janareta bayan magariba, mai fassara ya kama lasifika. A nuna tsafta, noman gyaɗa da auduga, a nuna biranen Ingila da hawan dabar da aka yi wa Sarauniya a Kaduna a 1956. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, ma'aikatar watsa labarai ta Jihar Arewa ta gaji motocin, allon ya koma nuna rangadin Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, wanda ya zama hakiminta a 1934. A kowane zamani, wanda ya biya kuɗin fim shi ke zaɓen abin da ido zai gani.

To, me aka zaɓa wa gabashin Sakkwato? Wurno ribaɗi ce da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Amma da yawa daga abin da duniyar waje ta sani game da kamannin garin a wancan ƙarni daga alƙalamin Bajamushe Heinrich Barth ya fito, wanda ya sauka can a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Madatsar ruwa ta Goronyo da aka kammala a kan kogin Rima a 1984 tana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900, ita ke shayar da gonakin rani da famfunan birnin Sakkwato. Fadamar tana fitar da albasa, tafarnuwa da shinkafa da ake lodi zuwa kudu. Duk da haka, wanda ya nemi hoton yankin a intanet, abin da zai fara cin karo da shi ambaliyar 2010 ce, da janyewar ruwan madatsar a 2018, da harin ƙauyukan Gandi a 2018 ɗin, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021. Kyamara ba ta zuwa sai ranar makoki.

Ba cewa ake a ɓoye waɗannan ba, sun faru, kuma waɗanda suka rasa 'yan'uwa suna da haƙƙin a san halin da suke ciki. Fim ɗin da ya nuna koren fadama kaɗai ya rufe ido ga 'yan gudun hijira, shi ma rabin gaskiya ne, irin na masu talla. Abin da ya kamata shi ne a samu cikakken hoto, kuma masu wurin su ɗauke shi da hannunsu. In ba ka yi sharar masallaci ba, ai ba ka tsammaci wani ya zo daga nesa ya yi maka ba.

Yau ba a buƙatar kyamarori 11 da mota. Wayar da ke aljihun matashin Achida ko Shinaka ta isa ta ɗauki dashen albasa, masunta a bakin madatsa, ranar kasuwa da bayanin dattijon da ya ga majigi da idonsa. Abin da ya rage shi ne a rubuta suna da ranar ɗauka, a ajiye a inda ba zai ɓace ba ranar da wayar ta lalace. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato ta saba da adana rubuce-rubucen magabata, ya dace ta buɗe ma'ajiyar bidiyo, ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo su taya ta tacewa, a kuma riƙa sabuntawa duk bayan 'yan shekaru. Dattawan da za su ba da labarin suna raguwa kowace damina, saboda haka aikin na bana ne, ba na baɗi ba.