Ƙanjamau da Talauci: Majinyacin da Ke Tsoron Asibitin Garinsu

Binciken ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan Najeriya masu shekaru 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. A tsakanin maza masu neman maza kuwa, binciken 2014 ya gano kusan kashi 23. Hukuncin wannan aiki a shari'a sananne ne. Abin da muke jan hankali a kansa shi ne yadda talauci ke hana majinyaci magani.

Mai hali yakan tafi Kano ko Abuja, a duba shi inda ba a san shi ba. Talakan Kurfi ko Dutsin-Ma ba shi da inda ya wuce babban asibitin garinsu, inda ma'aikacin jinya zai iya kasancewa maƙwabcinsa. Magani kyauta ne, amma kuɗin mota da abinci suna wuyansa, ga tsoron tonon asiri. Sai ya ɓoye har cuta ta ci ƙarfinsa. Wasunsu magidanta ne, don haka cutar kan riski matar da ba ta ji ba ta gani ba, har da jaririnta, alhali shan magani a kan ƙa'ida yana hana yaɗuwarta.

Kiyaye rai na cikin manyan manufofin shari'a, sirrin majinyaci kuma amana ne. Muna kira ga ma'aikatan lafiya su riƙe wannan amana, limamai su ƙarfafa gwajin jini kafin aure, mawadata su tallafa wa matalautan majinyata ba tare da bin diddigi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.