Kare Ma Yana Kewar Gida

Na san wasu za su yi dariya idan suka ga kan wannan rubutu, su ce duk abubuwan da ke damun duniya yaron nan bai ga na rubutawa ba sai kare. Ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, sannan ku yi dariyar idan kun ga dama.

A daminar bara ruwa ya ci gidanmu a ƙauyenmu da ke bakin tafkin Kainji, kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski. Baba ya kwashe mu muka dawo Yelwa gidan haya. Cikin kayan da muka taho da su har da ɗan karenmu, baƙi ne wuluk, shi ya sa muke ce masa Duna. A lokacin bai wuce wata bakwai ba. A ƙauye Duna ba ya zama wuri ɗaya. Da asuba yana bin Baba har bakin kwale-kwale, da rana yana kore akuyoyi daga shanyar kifi, da dare ko kaza ta motsa sai ya yi haushi.

Da muka zo Yelwa sai ya zama kamar an canza shi. Ya shige bayan randa ya kwanta, ya sa kai tsakanin ƙafafuwa. In na kira shi sai ya ɗago ido kawai, ko jela ba ya kaɗawa. Tuwon da yake rububi a da, sai ya shinshina ya bari. Babur ya wuce ya firgita, injin niƙa ya tashi ya kama rawar jiki. Wani maƙwabcinmu ya ce wa Baba wannan haukan kare ne ke shirin kama shi, gara a kashe shi tun bai ciji yaro ba. Baba ya ba ni mako biyu, ya ce in bai warware ba za a rabu da shi. Ranar ban iya cin abincin dare ba.

Ra'ayina shi ne, karen da aka raba da inda ya saba yana iya shiga damuwa ba tare da ya lalace ko ya haukace ba, kuma maganinsa haƙuri ne da kulawa, ba duka ko jifa ba. Kaka ce ta fara nuna mini haka. Ta same ni zaune kusa da randa, ta ce, “Kai maigida, me ka tasa a gaba kamar mai zaman makoki?” Na ce, “Kaka, Duna ne ya ƙi ci.” Ta ce, “Ruwa ba ya tsami banza. Bege ne ke cin sa, ni na san wannan ciwo.”

Sai ta ba ni labari. Tana yarinya a gungu aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968. Ruwa ya taso ya shanye gungaye da garuruwa, har da tsohon garin Bussa, aka tashi fiye da mutum 40,000, cikinsu akwai Gungawa da Kambari da Sarkawa. Ta ce an ba su sababbin gidaje na siminti, amma ta daɗe ba ta jin daɗin barci, domin ba ta jin ƙarar ruwa da ta saba ji da dare. Ta ce, “In mutum mai baki da hankali ya yi haka, ina ga dabbar da ba wanda ya yi mata bayani?”

Amma fa ban ce maƙwabcinmu ya yi maganar banza ba. Ciwon haukan kare gaskiya ne, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum da wuya ƙwarai ya tsira. Shi ya sa duk ranar 28 ga Satumba duniya take tunawa da yaƙi da shi. Don haka abu na farko da muka yi, ni da Yaya muka kai Duna wurin likitan dabbobi. Ya duba shi, ya cire masa kaska, ya ba shi maganin tsutsar ciki, ya yi masa allurar rigakafi. Ya ce mana karen da ke dalalar da yawu, yana kai cizo ba dalili, ko ya kasa haɗiya, kada yaro ya kusance shi, a kira manya. Wanda kuma kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, ya tafi asibiti nan take.

Bayan mun tabbata ba ciwo ba ne, ga abin da na yi. Na nemo tsohon buhun da yake kwanciya a kai a ƙauye, wanda har yanzu yake ƙarnin kifi, na shimfiɗa masa a inuwa inda ba a yawan wucewa. Kare da hanci yake gane duniya, warin da ya sani shi ne gida a wurinsa. Na riƙa ba shi abinci a tsohon kaskonsa, lokaci ɗaya kullum, kafin in tafi makaranta da bayan la'asar. Nakan marmasa masa busasshen kifi a kan tuwo, bayan na cire ƙaya. Ban ba shi miya mai albasa ba, domin likitan ya ce albasa tana cutar da kare, mu kuwa a Yauri ba ma miya sai da ita. Na hana ƙannena jan sa da ƙarfi. Ni dai nakan zauna kusa da shi ina bitar karatuna. Da yamma sai in sa masa igiya mu zagaya unguwa, yau kaɗan, gobe mu ƙara.

A kwana na tara muka isa bakin kogi. Duna ya tsaya, ya ɗaga hanci, ya ga masunta suna jan taru. Sai ya fizgi igiya yana haushi, jela na kaɗawa. Wallahi har da hawayena. A daren ya side kaskonsa tas. Baba bai sake tayar da maganar rabuwa da shi ba.

Wani zai ce ai kare ne, me ya yi zafi? Ban ce a shigar da shi ɗaki ko a ci abinci tare da shi ba. Ni ma ina wanke hannu duk lokacin da na taɓa shi. Amma a Islamiyya an koya mana labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. Kuma wanda ya ajiye dabba don ta yi masa gadi, haƙƙinta yana wuyansa. Ina roƙon masu jifan karnuka a hanyar makaranta su daina, domin jifan ne ma yake sa kare ya koyi cizo.

Abu na ƙarshe. A makon da Duna yake kwance bayan randa, ni ma ina zaune a bencin baya na ajinmu, ba na magana da kowa. Wani ɗalibi ne ya matso ya raba ƙosansa da ni, daga ranar na fara sakin jiki. Kusan kowane zango ana kawo sababbin ɗalibai daga Shanga, ko Ngaski, ko ƙauyukan bakin ruwa. In kuka ga ɗaya ya yi shiru, kada ku ce girman kai ne. Ku matsa kusa, ku tambayi sunansa.

Daga wani ɗalibi ɗan aji biyu, ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida.