Titin Badagry Ba Zai Kai Yaran Kalgo Makaranta Ba

Tun watan Oktoban 2024 da aka ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagry ba a bar kunnuwanmu sun huta ba. Kilomita 1,068 daga Illela har bakin teku, 258 daga ciki a ƙasar Kebbi, kuma da kankare za a zuba shi. Ministan Ayyuka David Umahi ya faɗa, sojojin baka sun haddace, suna maimaita mana a rediyo safe da yamma. Duk wanda ya buɗe baki ya tambayi rabon mai keke da mai tafiya a ƙasa a cikin wannan hidima, sai a ce ba ya son ci gaban jiharsa. To ni na tambaya, kuma ba zan daina ba. Ra'ayin da ya kafu a zukatan masu mulkinmu da 'yan amshin shatarsu, cewa sufuri shi ne mota, ci gaba kuma shi ne faɗin kwalta, ra'ayi ne da ke cin rayukan mutane a Kalgo da Gwandu, kuma babu wanda yake jin kunyarsa.

Wanda yake ganin na yi zafi ya je mararrabar Kalgo da sassafe, inda hanyar Birnin Kebbi ta haɗu da ta Jega da ta Bunza, ya tsaya ya kalli masu wucewa. Zai ga manomi a kan tsohon keke, fartanya ɗaure a kariya, jarkar man injin ban ruwa tana rataye a gefe, zai gangara fadama. Zai ga 'yan makaranta a jere, ƙaramin yana riƙe da gefen hijabin yayarsa. Zai ga matan Fulani da ƙwaryar nono, da mai amalanken shanu, da mai kurar ruwa, da 'yan kabu-kabu. Can sai tirela ta taho ba ta rage gudu ba, ta danna hon tun daga nesa, kowa ya yi ta kansa. Mai keken nan ba shi da wurin zuwa sai dai ya sauka daga kwalta, ga bakin kwaltar ruwan damina ya cinye shi ya bar gaɓa, ƙasanta rairayi. Tayar gaba ta nutse, nauyin jarka ya rinjaye shi. In ya faɗi dama, ya tashi da ƙujewa a gwiwa. In ya faɗi hagu, sai dai a aika a kira 'yan uwansa.

Waɗannan mutane su ne suka fi yawa a kan hanya, su ne kuma ba a tuna da su ba ranar da ake zana ta. An auna titi da faɗin tirela, an auna kwana da gudun mota, aka bar ɗan Adam ya nemi inda zai raɓa. A Kalgo ne Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, take da mazauninta na dindindin. A Kalgo ne babban asibitin jiha yake. Ɗalibai da masu shara da masu gadi da masu jinyar 'yan uwa suna zirga-zirga tsakanin nan da Birnin Kebbi kullum, a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, tazarar da saurayi mai lafiya zai cinye a keke cikin awa guda. Amma ba wata hanya da aka keɓe wa mai keke. Uban da ya san abin da yake yi ba zai bar ɗansa ya hau keke ya shiga tsakanin tifa da tanka ba, don haka dole ya ciro kuɗin kabu-kabu daga kuɗin cefane.

Kuɗin kuwa kowa ya san inda suka kai. Ranar 29 ga Mayun 2023, ranar da aka rantsar da Gwamna Nasir Idris a Birnin Kebbi, ita ce ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a Abuja. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta ƙare ta tsallake 1,000. Amsar da aka kawo mana ita ce a mayar da motoci su koma shan iskar gas. Motar wa? Mutumin Diggi ko na Dalijan da bai taɓa mallakar ko da tayar mota ba, me ya haɗa shi da wannan shiri? Abin hawa guda ɗaya da farashin mai bai taɓa shi ba yana jingine a zauren kusan kowane gida, shi ne kuma aka raina.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda ke nan tun 1988, ta ƙirga mutum sama da 5,000 da suka mutu a titunan Najeriya a 2023, haka ma a 2024. Wannan lissafin waɗanda jami'anta suka gani ne. Yaron da mota ta buge a bakin ƙauye da hantsi aka yi masa sutura kafin azahar, wa ya rubuta shi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a kan hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, alhali ita ce ta fi ƙarancin motoci. Dalilin a fili yake. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa in ta bugi mutum galibi yakan rayu, in ta kai 60 haɗarin a ɗauki gawa ya ninka sau da dama. Mutanen ƙauyukanmu sun san wannan ba tare da rahoto ba, shi ya sa bayan kowace jana'iza za ka ga matasa sun fito da shebur da diga sun tara ƙasa da kututture a tsakiyar kwalta. Sai jami'i ya zo ya ce sun karya doka. Ina dokar take ranar da aka ratsa titi ta tsakiyar gari ba a yi tudun rage gudu ko ɗaya a gaban firamare ba? Mun yi imani da ƙaddara, amma injiniyan da ya zana hanya da ɗan kwangilar da ya cinye kuɗin gefenta ba za su ɓuya a bayan ƙaddara ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce rana ta yi yawa a Kebbi. Masu faɗin haka daga cikin mota mai sanyi suke faɗa, kuma manomin da ya wuni a fadama cikin watan Afrilu ba ya bukatar su koya masa zafin rana. A dasa dogon yaro a jere a gefen hanya, an gama magana. Za a ce keke alamar talauci ce. To talaucin ba keke ya kawo shi ba. Za a kuma tuno min da Ojo Maduekwe, ministan sufuri a zamanin Obasanjo, wanda ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke har bas ta ture shi cikin kwata a Abuja a 2001 yana kan hanyar zuwa aiki. Shekara ashirin da 'yan kai ana ba da labarin nan ana dariya. Ni ban ga abin dariya ba. In minista da masu tsaronsa bai tsira a titin babban birnin ƙasa ba, laifin titin ne, kuma abin da ya kamata a gyara kenan tun a lokacin.

Ba sai an je Turai ba kafin a ga inda aka daraja mai keke. Wagadugu ta Burkina Faso rana ɗaya ce ke dukanmu da su, rairayi ɗaya, talauci iri ɗaya, Musulmi ne kuma mafi rinjaye a ƙasar. Manyan titunanta suna da hanyar gefe da aka ware wa keke da babur, mata da maza suna bi zuwa kasuwa da ofis, ba wanda ya ce mutuncinsa ya zube. A jihar Bihar ta Indiya, wadda ake sa ta cikin mafi talauci a ƙasar, gwamnati ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara kuɗin sayen keke a 2006, masu bincike suka gano shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari. Gwamnanmu malamin makaranta ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa baki ɗaya. Ya fi ni sanin yawan yaran Kambaza da Malisa da Maruda da ke ajiye karatu bayan firamare saboda sakandare ta yi musu nisa. Kuɗin jif ɗaya daga cikin waɗanda ake saya wa masu muƙami zai sayi kekuna ɗaruruwa.

Amma me 'yan siyasarmu suke rabawa? Babura. Kowane ɗan majalisa da ya ga zaɓe ya matso sai ya jera babura a fili, a liƙa hotonsa a tankin kowanne, a kira maroƙa, a ce an tallafa wa matasa. Ba a koya wa yaron tuƙi ba, ba a ba shi hular kwano ba, ba a tambaye shi inda zai samo kuɗin mai ba. Wasu tun a bakin filin suke sayarwa da rabin kuɗi, dillalai na tsaye suna jira. Waɗanda suka riƙe nasu sai su shiga kabu-kabu, su ɗora mutum uku da buhun albasa, a ƙare a gidan mai ɗori. Wannan shi ne ci gaban mai haƙan rijiya. Kuma mutumin da ya raba baburan shi ne zai ratso garin da ayarin motoci masu baƙin gilashi da jiniya, 'yan sanda a bayan buɗaɗɗiyar mota suna kaɗa bulala, tsoho a kan keke ya faɗa cikin ƙaya don mai girma zai je gaisuwar mutuwa. Ba na gajiya da faɗin wannan, domin babu direban tirelar da zai girmama mai keke matuƙar yana ganin yadda masu yin doka suke tuƙi. Ayarin nan shi ke koya wa kowa cewa babban abin hawa shi ke da hanya.

Ba haka muka taso ba. Dattawa sun san zamanin da malamin makaranta da malamin gona da ma'aikacin asibiti suke zuwa aiki a kan Raleigh, ana goge shi da tsumma kowace safiya, har kamfanin yana da masana'anta a Kano. En'e tana karɓar kuɗin lambar keke, wato hukuma ta san da zaman mai keke. Yau ba ta karɓar komai a hannunsa, ba ta kuma yi masa komai. Abin da ya rage daga wancan zamani shi ne mai faci a gindin bishiya, da kwanon ruwansa da yake tsoma tubu yana neman inda ke fitar da kumfa, da tarin sarƙoƙi da fedoji a cikin tsohon akwati. Shi ne ke riƙe da sufurin rabin ƙaramar hukuma, ba a taɓa kiransa wani taron tallafi ba.

Shi kansa titin Badagry ɗin, wa ya tambayi yadda za a tsallaka shi? Zai raba ƙauyuka da gonakinsu, ya raba garke da mashaya. Mutanen garuruwan da ke kan titin Kaduna zuwa Kano sun san abin da babban titi yake yi wa mai tsallakawa. In ba a sa hanyoyin ƙarƙashi na mutane da dabbobi da kekuna a cikin zanen tun yanzu ba, bayan an zuba kankare ba mai fasa shi saboda manomi.

Gwandu kuwa tata matsalar ta girmi wannan duka. Garin da Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya riƙe yammacin daula, inda hubbarensa yake, an ɗauke sunansa an kai Birnin Kebbi tun zamanin Turawa aka bar masa tarihi. Masarauta ta Gwandu ce, sarautun da manya ke alfahari da su na Gwandu ne, shi kansa gwamna Ƙauran Gwandu ne, amma fitilun titi da shatale-tale da sabuwar sakatariya duk a babban birni suke tsayawa. Tun da aka ƙirƙiro jihar a 1991 haka abin yake, daga mulkin soja zuwa Aliero zuwa Dakingari zuwa Bagudu. Shehu Abdullahin da ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya nuna wa masu mulki nauyin da ke wuyansu, a garinsa ne hanyoyin shiga ƙauyuka suke zama taɓo da damina, mai keke ya sauka ya ɗauki kekensa a kafaɗa.

Hanyoyin nan na ƙauye da kwalbatoci da tudun rage gudu a gaban makaranta da kasuwa aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ba sa cin ɗaruruwan biliyoyi. Abin da ya hana a yi su shi ne asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi da ya mayar da ciyamomi masu jiran a sammu. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ciyamomin Gwandu da Kalgo su fito su gaya wa jama'a nawa ke shigo musu a wata, nawa ke tsayawa a Birnin Kebbi, nawa kuma aka kashe a kan hanyar da mutanensu suke takawa da ƙafa. Gwamnatin jiha ita ma ta shimfiɗa mita biyu na kwalta a gefen hanyar Birnin Kebbi zuwa Kalgo, a raba ta da hanyar mota da dakalin siminti, a sa fitilu masu aiki da hasken rana, a saka kuɗin a kasafin baɗi da sunansa inda kowa zai gani.